Ragowar Iri

Maigidana ya yi shekaru a Gabon yana sayar da takalma da laima a bakin kasuwa, kuma duk tsawon zaman nan ban taɓa jin ya yabi samaniyar ƙasar ba. In ya kira ni a waya, kafin ya tambayi yara sai ya ba ni labarin ruwa. Ana ruwa, an gama ruwa, hadari ya sake haɗowa. Ni kuwa ina zaune ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Geceme, gumi na bin wuyana, sai in ji kamar in zura hannu cikin wayar in murɗe masa kunne. Wai mutum yana kukan ruwa ya yi masa yawa, kuma wadda yake kai wa kukan ita ce ta wuni tana jan guga.

Ya ce wanki sai ya kwana ya wuni a igiya bai bushe ba, ƙarshe a sa shi da warinsa. Takalman da yake sayarwa sukan yi hunhuna tun suna cikin kwali. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, kukar miyar da na aika masa ta dunƙule ta yi kore kafin ya ci rabinta. Tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari ya tsage. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne mutanen can su suke tausaya masa. In suka ji daga inda ya fito sai su kama baki, wai shi ne ɗan ƙasar da rana ke gasa mutane da ransu.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kuma a bangon ajina akwai taswira. An shafa wa ƙasarmu ja da rawaya, ƙasar da yake an shafa mata kore shar. Yara suna ganin koren nan sai su ce aljanna ce. Ba na yi musu gardama sosai, don ni ma na san bazararmu. Na san yadda tabarma ke ƙona baya da azahar, da yadda jariri ke fesowa da ƙuraje a wuya, da yadda ake yawan zuwa gaisuwar rasuwar tsofaffi a watannin nan. Duk wanda ya ce ƙasarmu tana da daɗin zama a bazara, to bai yi bazarar a nan ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ruwa ma yana cin mutum, a hankali dai yake yi.

Wani ɗan garinmu ne ya rako shi gida, bayan an gama girbi. Da ya sauko daga babur ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ga tari da ke fitowa tun daga ƙasan ƙirji. Muka kai shi Dogon Dutsi, likita ya saurari ƙirjin ya ba da magani, sannan ya dube ni, ba shi ba, ya ce wannan ƙirjin busasshiyar iska yake so, in ya koma cikin danshin nan ba ya lamunce mana komai. A hanyar dawowa na sa shi ya yi mini alkawari. Ya ce zai zauna, amma da sharaɗi ɗaya: sai in gona ta ci da gida. Shi ba zai zauna yana cin tuwon albashin mace ba. Na ce na ji, don ban ga abin da zai hana ba.

Rana ce ta yi masa magani, wannan kam da idona na gani. Da hantsi, lokacin da kowa ke jan tabarmarsa zuwa inuwa, shi sai ya ja tasa zuwa tsakiyar fili, ya tuɓe riga ya shanya bayansa kamar ƙadangare a kan katanga. Mata masu shigowa ɗibar wuta su koma suna ƙunshe dariya. Ya ce su yi ta yi, su ba su san darajar busasshiyar riga ba. Kafin bazara ta yi tsakiya tarin ya ragu, ƙafar ta warke, kumatu suka fara dawowa. Na gode wa Allah da zafin da na saba zagi.

Akwai wani tsohon Bafulatani da ke sauke shanunsa a gonarmu kowace shekara bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Yana da 'yar gonarsa shi ma, can bayan tamu. Mu Arawa ne, kuma tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni, don haka duk abin da ya zo bakinsa faɗa yake yi. Ranar da ya tarar da maigida a shanye, tsayawa ya yi ya dogara da sandarsa.

Ya ce, "Ba'are, wa yaj jiƙa ka? Ko kilishi anka ce a yi da kai?"

Maigida ya ce, "Wuce ka bi saniyakka, ita ta hi ka hankali."

Suka yi dariya, aka kawo fura.

Duk shekarun da ba ya nan, ni da mahaifiyarsa muke riƙe da gonar. Inna ce mai iri. In hatsi ya nuna, kafin a sa wuƙa, takan bi gonar ita kaɗai tana zaɓen zangarniya, doguwa, cikakkiya, wadda tsutsa ba ta taɓa ba. Ta ɗaure su daban ta rataye can ƙololuwar rumbu, kuma ko yunwa ta kai ina ba a taɓa su. Zango ne, dogon hatsi mai farin gari. Ta rasu wata biyu ko uku kafin ya dawo, bai samu ganinta ba. Damin da ke rataye a rumbu shi ne na ƙarshe da ta zaɓa da hannunta, kuma na sha ganinsa ya leƙa rumbun ba abin da zai ɗauka.

Sai ga ruwa ya sauko tun ba a zata ba. Da la'asar ne, a tsakiyar zafi, aka yi shi kamar da bakin ƙwarya. Lunguna suka cika, yara suka fita tsirara suna ihu, har kwaɗi suka yi kuka a tafkin bayan gari. Ƙamshin ƙasa ya cika gida. Maigida ya tsaya a bakin ɗaki, wannan mutumin da ya yi shekaru yana tsine wa ruwa, fuskarsa sai sheƙi take yi.

Ya ce, "Damana ta kama. Gobe shuka."

Na ce, "Malam, a dai jinkirta. Shamuwa ba ta yi sheƙa ba, gawo bai zubda ganye ba. Ruwan ga baƙo na."

Ya ce, "Ke, ni za ki koya ma ruwa? Shekara nawa ina cikinai? In yab buɗe hakanga ba shi ruhewa."

A can inda ya zauna gaskiyarsa ce. In sama ta buɗe, ta buɗe ke nan, sai dai a yi ta roƙon ta tsagaita. Idonsa ya saba da wannan har ya manta cewa tamu samaniyar takan yi sallama ta juya. A da, ba wanda ke fita shuka sai tsofaffin gari sun ce a fita, amma wannan ya wuce, yanzu kowa da gonarsa da ra'ayinsa. Tsofaffin dai sun faɗa masa a masallaci da asuba. Suka ce ya gwada ɗan gefe in yana so, kowa yakan yi haka, amma kada ya zuba iri duka. Ya dawo gida ya sauke damin Inna gaba ɗaya ya ce in sussuke.

Na san ba ruwan kaɗai ke tura shi ba. Yana so a ga gonarsa ta riga ta kowa yin kore, a san cewa sayar da takalma bai kashe masa hannu ba. Shuka kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara da sungumi, ɗaya na bi yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ƙarshen mako ne, ba lakwal, don haka na ɗauki ƙwarya na bi shi, ina jefawa ina ƙunƙuni. Ba zan ɓoye ba, da na ji sanyin ƙasa a tafin ƙafata, ni ma zuciyata ta fara cewa wataƙila shi ke da gaskiya. Kafin faɗuwar rana ta biyu ƙwaryar ta koma fayau.

Hatsin ya tsiro, kuma ya yi kyau. Layi-layi, kore, a tsakiyar gonakin mutane da ke nan jajur ba komai. Safe da yamma yana can. Masu wucewa a amalanke su rage tafiya su duba, wasu su ce Allah ya sa albarka, wasu su wuce abinsu. Daga nan iska ta koma gabas, samaniya ta washe tas, rana ta dawo bakin aikinta. Ganyen ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da yamma, sannan ya daina warwarewa. Iska mai zafi ta riƙa kwaso rairayi tana yanka shi a gindi. Kullum da la'asar maigida na tsaye yana duban gabas har wuyansa ya ƙage. Mako ya bi mako, gonar ta koma kamar ta kowa.

Ya daina shimfiɗa tabarma a rana. Ya daina zama a dandali, sallah ma sai ya shiga sahun baya ya riga kowa fita. Wata rana ina wanke-wanke na ji shi a bayan ɗaki yana waya da abokin zamansa na Gabon, yana tambaya ko an ba wani wurin da yake kasa kaya. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Tsoro na ji, tsoro sosai, don na san in ya tafi wannan karon ba a kan babur za a dawo mini da shi ba.

Na ce a sayo iri a kasuwa. Ya ce hatsin kasuwa na ci ne, yawancinsa daga kudu ake kawo shi, yana son dogon ruwa, a nan kara kawai zai yi, kuma wannan gaskiya ne. Na ce to bari in shiga gidaje, ba wanda zai hana ni ƙwarya guda. Nan ne ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Garin ga dut sun ce mani in tsaya, nik ƙi. Yanzu matata ta bi su da ƙwarya? Ran da kinka hita da ita, wanshekare ina tasha."

Na san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Na zauna da ƙwaryata, na ci gaba da zuwa lakwal ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, zuciyata na wani wuri. Ban faɗa wa kowa ba. Amma a ƙauye ba sai an faɗa ba, duk wanda ya ga girman gonar da aka shuka ya san girman abin da ya rage a rumbu.

Shamuwa ta yi sheƙa a tsamiyar masallaci, gawo ya tsaya tsirara, iska ta juyo daga yamma da ɗan sanyinta. Ruwan gaske ya zo da asuba ya kai hantsi, aka tona ƙasa da hannu danshi ya wuce dantse. Gari ya watse zuwa gona, har kuturu da makaho, ba a bar kowa ba sai kaji. Mu muna zaune a gida muna jin amalanke na wucewa. Can maigida ya miƙe ya ɗauki sungumi. Ban tambaye shi ba, na dama fura na bi bayansa.

Na tarar da shi yana sara. Rami bayan rami, layi miƙe kamar an ja da igiya, ba abin da za a jefa ciki. So yake duk wanda ya hango daga nesa ya ga mutum yana aiki a gonarsa kamar kowa. Na zauna gindin sabara na rufe fuska da gyale, don ban so ya ga hawayena.

Bayan azahar sai ga tsohon Bafulatanin nan ya ratso ta kan iyaka, ƙwarya a hammata. Ya tsaya ya dubi ramukan, ya dubi mai sara.

Ya ce, "Ba'are, mi kaka shukawa? Iska? To bana ka yi arziki, ita kam ba ta ƙin hitowa."

Maigida ya ci gaba da sara.

Tsohon ya ce, "An ce ka tahi ƙasar ruwa ka yi karatu nai, ka dawo ba ka san na gari da na banza ba. Saniyata ma ta san wancan ruwan ba na shuka na ba. Kauce, ragowa ta gare ni, ba ni komawa da ita ruga."

A garinmu ragowar iri ba ta komawa rumbu. An riga an sussuke ta, ta sha jiƙaƙƙen hannu, don haka in an gama shuka abin da ya saura a ƙwarya ko a watsa wa kaji, ko mata su yi fura da shi, ko a juye wa maƙwabcin da bai gama ba. Ba kyauta ba ce, ba a roƙonta, ba a kuma godiya a kanta. Tsohon bai miƙa wa maigida komai ba. Ya bi layin da kansa yana jefawa yana takewa, bakinsa bai huta da zagin Arawa ba. Ni dai na ga ƙwaryar nan, kuma wannan ba ragowa ba ce, ta kusa cika.

Ban san ko sun yi shawara ba, har yau ba wanda ya yarda ya faɗa mini. Bayansa sai ga maƙwabcinmu na gabas da matarsa, wai bana hannunsu ya yi nauyi wajen awo. Sai limami ya aiko ƙanensa da maiwa. Sai wani matashin ɗan kasuwa mai gajeren wando, wanda kullum yake mana wa'azi cewa duban shamuwa camfi ne, ya tsayar da babur ya sauko da sabon irin nan mai saurin nuna a cikin leda, ya naɗe hannun riga ya shiga layi. Wata tsohuwa gwauruwa da gonarta ba ta fi tsakar gidanmu ba ta zo da nata ƙulle a bakin zane, cikin tafi ɗaya, ta shuka ramukan da ya isa ta karkaɗe zanenta ta tafi. Kowa da ƙaryarsa iri ɗaya, wai ya rage ne. Maigida ya rasa bakin hanawa, don ba shi aka ba ba, ƙasa aka ba. Abin da ya iya shi ne ya ci gaba da sara a gabansu, kansa a sunkuye, gumi da abin da ba gumi ba suna ɗiga a kan ƙotar sungumi. Washegari ma wasu suka zo, har gonar ta rufe.

Ba a taɓa ganin gona irin tamu ta shekarar nan ba. Nan dogon zango ya fi mutum, kusa da shi gajere iya ƙugu, can mai gashi da tsuntsu ba ya so, can kuma maiwa tana nan kore ko fure ba ta yi ba alhali na ɗan kasuwa ya bushe. Yara suka sa mata suna gonar kasuwa. Aikinta ya ba mu wuya, don ba ta nuna tare ba. Sai mu girbe wannan yanki mu koma jiran wancan, tsuntsaye kuwa suka mai da mu gidan biki. A wani layi maigida ya ga dogayen zangarnu farare ya rantse irin Inna ne, wai ta taɓa ba wani a wata shekara. Ni ban tabbata ba, zango duk kama yake yi, amma ban yi masa musu ba. Rumbu bai cika ba. Ya dai kai inda in an haɗa da wake aka yi tattali, zai kai mu bakin wata damina. Tuwon shekarar yau fari, gobe toka-toka, kuma ban taɓa cin wanda na yi wa bisimilla da zuciya ɗaya kamarsa ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don rumbun da bai cika ba yana iya zama hujja ga mai son tafiya. Bayan girbi samari suka fara ɗaure kaya, kamar kowace shekara. Ɗan garinmu da ya rako shi gida zai koma Gabon, ya biyo da yamma yin sallama. Ina bakin turmi ina daka, su suna zaune a ƙofar rumbu. Maigida ya baje zangarnun da ya zaɓa a kan tabarma, yana ware su kashi-kashi, kowane da asalinsa, yana ɗaurewa da kaba.

Baƙon ya ce, "Wurinka na nan, ba a ba kowa ba. Ga ka ka warke. In za ka, mu tahi tare ran Juma'a."

Taɓarya ta tsaya a hannuna. Maigida bai ɗago ba, ya ja kaba da haƙori ya ƙulle dami.

Ya ce, "Wanga na limami na. Wanga na Bahillacen ga mai baƙin baki. Wanga ɗan kaɗan na tsohuwar gwauruwa na, ka ga yadda yay yi kyau? In nit tahi, wa za ni bar ma irin mutane?"

Baƙon ya yi ta kawo dalilai, shi kuwa ya ci gaba da ware zangarnu har mutumin ya gaji ya tashi. Da ya raka shi ya dawo, ya tarar da ni tsaye inda nake, hatsi na turmi ban ƙara ko bugu ɗaya ba.

Ya ce, "Madam, yau ba mu cin tuwo na?"

Na share fuska da bakin zane na ɗaga taɓarya.